Yaron Da Ake Aike Sayen Magani Ya Kamata Ya San Abin Da Ya Riƙo

 A ɗan littafinmu na bana, mu ƴan aji na ƙarshe mun zaɓi mu yi magana a kan wani abu da babu gidan da ba a samunsa a unguwarmu, wato ƙwayar magani. Ra'ayinmu shi ne a riƙa koya wa yara tun suna ƙanana mene ne ƙwayoyin cuta, mene ne maganin da ake kira antibiyotik, da kuma abin da ya sa wasu cututtuka suka fara ƙin jin magani. Muna kuma ganin islamiyya tana da nata rabo a wannan aiki, kada a bar wa lakwal ita kaɗai.

Dalilinmu na farko kowa ya san shi. In ƙaramin yaro ya kwana da zafin jiki, ko cikinsa ya ɓaci, wa ake aike? Yaro ne. Shi ake miƙa wa dala ashirin ko arba'in a ce, "Maza je wurin mai tebur, ka ce ya ba ka irin ja da rawayan nan guda biyu." Shi zai karɓo, shi zai kawo saƙon yadda za a sha, wani lokaci ma yarinya ƴar shekara goma ce za ta ba ƙaninta da hannunta saboda Inna tana wurin aiki. To wanda magani ke bi ta hannunsa kullum, ai bai kamata a ce bai san komai a kansa ba.

Halittun da ido ba ya gani

Bakteriya wasu halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Wanda ya fara ganinsu wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antoni Liwenhuk, a wajajen 1676, da ɗan gilashin da ya goge da hannunsa. Daga baya ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya tarar da su suna ta motsi. Sai bayan shekara ɗari biyu aka tabbatar cewa wasunsu ne ke kawo cuta. A 1882 wani likita Bajamushe, Robat Kok, ya nuna ƙwayar da ke haddasa tarin fuka.

Kada kuma a ɗauka duk bakteriya mugaye ne. Mafi yawansu ba ruwansu da mu, wasu ma masu yi mana hidima ne. Su ne ke mai da madara ta zama nono. Su ne ke sa kalwa ta zama daddawa. In ka tumɓuke wake ko gyaɗa ka ga ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, gidajen bakteriya ne masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa gona ke jin daɗin wake. A cikin hanjin kowannenmu ma akwai su birjik, suna taimaka wa narkewar abinci, suna kuma tare wa masu cutarwa wuri.

Masu kawo cuta su ne irin na taifot, kwalara, tarin fuka, mashaƙo, da sanƙarau irin wanda ke zuwa da annoba lokacin zafi. Abin da ya sa suke da haɗari shi ne saurin haihuwarsu. Wasu, in sun samu ɗumi da abinci, kowane minti 20 guda ɗaya takan rabu biyu. Ku lissafa da kanku: cikin awa ɗaya sun zama 8, awa biyu 64, awa huɗu 4,096, awa takwas kuwa sun haura miliyan 16. Wato daga safiya zuwa azahar ke nan.

Akwai kuma wata iri ta daban da ake kira bairos, wadda ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ita ce ke kawo mura, ƙyanda, shan inna, da yawancin gudawar ƙananan yara. Wannan bambanci shi ne tushen maganarmu duka, domin antibiyotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Mai mura in ya sha kafso ya ga ya warke bayan sati ɗaya, jikinsa ne ya yi aikin. Da bai sha ba ma, da ya warke.

Maganin da bai kai shekara ɗari ba

Kakannin kakanninmu ba su san antibiyotik ba. A 1928 ne wani masani ɗan Sikotlan, Alekzanda Filemin, ya lura a ɗakin bincikensa da ke Landan cewa wata fumfuna ta faɗa cikin faranti, kuma duk bakteriyan da ke kewaye da ita sun mutu. Daga nan aka samo fenisilin. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka iya yin sa da yawa. Kafin wannan lokaci ƙaramin rauni in ya yi ruwa yana iya kashe ƙato, mata da yawa kuma sukan rasu da zazzaɓin bayan haihuwa.

A 1945 aka ba Filemin kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. A jawabinsa na wannan biki ya yi gargaɗi cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi fenisilin a kanti, ya sha wanda bai isa ba, ya koya wa ƙwayoyin cutar jure maganin. Duk wanda ya ratsa kasuwa ko tasha a yau ya ga tiren magani a kan ɗan talla, ya san lokacin nan ya zo.

Yadda cuta ke ƙin jin magani

Ku tuna da rariya. In ana tankaɗe, gari mai laushi ya wuce, tsaki ya tsaya. Haka magani yake yi. A cikin miliyoyin bakteriya, akan samu ƴan kaɗan da aka haifa da wani bambanci da ke sa magani bai cika kama su ba. In aka sha antibiyotik, masu rauni su mutu, masu taurin su rage. Wuri ya zama nasu, abinci ya zama nasu, kuma kun ga lissafin haihuwarsu a baya. Wani abin mamaki, bakteriya suna iya miƙa wa junansu wannan dabara, har tsakanin waɗanda ba iri ɗaya ba.

Duk lokacin da aka sha antibiyotik ana yin wannan tankaɗe, har a kan bakteriyan hanji da ba su yi laifin komai ba. In ciwon na bakteriya ne, an samu riba, tunda an ceci rai. In mura ce, an yi tankaɗen a banza, an bar tsaki a ciki. In kuma aka sha guda biyu kawai aka daina, ko maganin jabu ne mai ƙarancin ƙarfi, ciwon bai mutu ba, masu taurin kuma sun samu sarari.

Akwai wata magana da muke yawan ji: "Ni jikina ya saba da wanga magani, ba ya yi mani." Gaskiyar ita ce ƙwayar cutar ce ta saba, jikin mutum bai canza ba. Wannan kuwa ya fi muni, domin ƙwayar cuta tana tafiya. Tana bin hannu, tana bin ruwan sha, tana bin ƙuda daga bayan gida zuwa kwanon tuwo. Jaririn da bai taɓa shan magani ba yana iya kamuwa da cutar da ta riga ta gagari magani a jikin wani. Shi ya sa muke kallon antibiyotik kamar rijiyar unguwa: wanda ya ɓata ta, ba shi kaɗai zai kwana da ƙishi ba.

Iyayenmu sun ga irin wannan da idonsu. A da, nibakin ita ce maganin zazzaɓin sauro a kowane gida. Abin da ke kawo zazzaɓin sauro ba bakteriya ba ne, amma hanyar ɗaya ce: ya koyi jure nibakin, har dole aka bar ta aka koma sababbin magunguna.

Abin ya iso ƙofar gida

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu jure magani. Wannan adadi ya fi na waɗanda zazzaɓin sauro ya kashe a shekarar, ya kuma fi na ƙanjamau. Ɗaya cikin biyar na mamatan yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Yankin da abin ya fi tsanani a duk duniya, in aka auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma kudu da Sahara. Wato mu ke nan.

A 2015 annobar sanƙarau ta kama mutum sama da 8,000 a Nijar, fiye da 500 suka rasu, har aka rufe makarantu a Yamai na wani lokaci. Dubban da suka tashi, allurar antibiyotik ce ta zama sanadin tashinsu. Mu tsaya mu yi tunani: ranar da wannan allura ta daina aiki, me likita zai ɗauko?

Tarin fuka ma misali ne. Na yau da kullum wata shida ake shan maganinsa. Wanda ya bijire wa magani kuwa, an daɗe ana jinyarsa wata 18 zuwa shekara biyu, da allurai masu iya kashe kunne, kafin a samo hanyoyin da suka fi gajarta.

Ga kuma wani darasi daga jihar Dosso. A wani bincike da aka fitar da sakamakonsa a 2018, an riƙa ba ƙananan yara maganin azitromisin sau biyu a shekara, sai mace-macen yara ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Wannan babban alheri ne. Amma masu binciken sun kuma ga bakteriya masu jure wannan magani sun ƙaru a jikin yaran. To in har maganin da masana suka auna suka bayar don ceton rai yana barin baya da ƙura haka, ina ga wanda ake sha don mura, ko ake fasawa a zuba wa kaji a ruwa?

Abin da wasu za su ce

Mun san akwai masu cewa wannan karatun lakwal ne, me ya kawo shi islamiyya. Amsarmu ita ce yara da yawa a unguwarmu, musamman ƴan mata, nan ne kaɗai suke zama gaban malami. In ba a faɗa musu a nan ba, ba inda za su ji. Kuma a nan ɗin aka koya mana tsarki da wanke hannu da tsabtace ruwa tun muna ƴan mitsi-mitsi. Bayanin ƙwayoyin cuta ƙarin haske ne a kan abin da muka riga muka saba yi.

Wasu za su ce yara ba za su gane ba. Yaron da ke riƙe dogon karatu da ka, yarinyar da ke lissafin canjin talla ba ta kuskure ko dala ɗaya, su ne za su kasa gane cewa cuta iri biyu ce, kuma kowace da maganinta? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Magana ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba: talauci. Uwar da ta aiki yaro wurin mai tebur ba don ba ta son ɗanta ba ne. Asibiti da nisa, layi da tsawo, takardar farmasi kuma wani lokaci ta haura jaka biyar, alhali abin da ke hannu na cefane ne. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma akan je a tarar magani ya ƙare. Wannan gaskiya ne, kuma darasinmu ba zai gyara shi ba, aikin hukuma ne. Sai dai sani yana rage asara. Wanda ya san mura ba ta buƙatar kafso ya tsira da kuɗinsa. Wanda ya san gudawar yaro ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki take so, in dai babu jini a ciki, ya samu magani mai sauƙi wanda kuma ya fi aiki. Maganin tebur da ake ganin araha, yini yake a rana a garin da zafi ke haura 40 a watan Afrilu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan ɗaya cikin goma na magunguna jabu ne ko marasa inganci. Ja da rawayan nan kuwa galibi tetrasiklin ce, wadda likitoci ba sa ba yaro ɗan ƙasa da shekara takwas saboda tana ɓata haƙora har abada. Araha ba ta ado.

Ta huɗu, za a ce ana so a koya wa yara gardama da iyaye. Ko kusa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma isar da saƙo cikin ladabi ba gardama ba ne. Yarinya tana iya durƙusawa ta ce, "Inna, Malam ya ce mana wanga ƙwaya ba ta maganin mura, wai kuma tana ɓata haƙoran yara. Ko mu kai shi likita ya duba shi?" In Inna ta ji, shi ke nan. In ba ta ji yau ba, maganar ta shiga gida, wata rana za ta yi amfani.

Kada kuma wani ya fahimce mu a karkace, ya ce mun ce a guji magani. Yaron da wuyansa ya sanƙare, ko yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, ko yana jijjiga, ko ya ƙi shan nono, ko akwai jini a bayan gidansa, a ruga da shi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. A irin wannan hali antibiyotik na iya zama abin da zai tsaya tsakaninsa da mutuwa. Don mu same shi da ƙarfinsa a irin wannan rana ne muke cewa a daina ɓarnarsa.

Yadda za a koyar

Abin ba ya buƙatar kuɗi ko ɗakin gwaji. Ga wasu hanyoyi da muke ganin kowane malami zai iya.

A kawo madara mai ɗumi a kwano biyu, a sa cokali ɗaya na nono a guda, a rufe. Washegari yara su ga wanda ya fi saurin kamawa, a gaya musu cewa masu rai ne suka yi aikin. Gani ya kori ji.

A shafa wa yaro ɗaya toka ko garin alli a hannu, ya gaisa da na kusa da shi, shi ma ya gaisa da na gaba. A ƙarshe a duba hannu nawa suka yi fari. Daga nan a gwada wankewa da ruwa kaɗai, a kuma gwada da sabulu.

A zuba gero a faifai, a jefa wake uku a ciki. Gero shi ne ƙwayoyi masu rauni, wake masu tauri. A tace da rariya mai manyan ƙofofi, geron ya zube, waken ya tsaya. Sai a ninka abin da ya rage, uku su zama shida, shida su zama sha biyu. Kafin a tashi kowane yaro ya ga yadda faifan ya koma na wake zalla.

Bayan wannan, a sa yara su riƙe ƴan ƙa'idoji kamar yadda suke riƙe karatu:

1. Antibiyotik ba ya maganin mura.
2. Ba a shan sa sai ma'aikacin lafiya ya duba ya rubuta.
3. A sha yadda aka rubuta, a kan lokaci, har kwanakin su cika, ko da an ji sauƙi.
4. Ba a ba wani ragowar magani, ba a kuma ajiye shi don wata rana.
5. Ba a ba dabba maganin mutum. Na dabba ma sai da shawarar likitan dabbobi.
6. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayan gida da kuma kafin cin abinci, a kai ƙanne rigakafi. Cutar da ba a kamu da ita ba, ba ta cin magani.

Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba duniya na yin makon faɗakarwa a kan wannan matsala. Muna roƙon shugaban makaranta da kwamitin iyaye su duba yiwuwar gayyato ma'aikacin lafiya daga asibitin unguwa a cikin wannan mako, ya zo ya yi mana bayani da Hausa, iyaye mata su ma su halarta. Sauran shekara kuwa, minti goma sha biyar a sati ya isa. Mu manyan ɗalibai a shirye muke mu ɗauki nauyin ƙananan azuzuwa, in malamai sun amince sun kuma duba abin da za mu faɗa.

Ga ƴan'uwanmu ɗalibai, ba sai mun jira an sa darasin a tsari ba. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa na gida. In an aike ka sayen magani, ka tambayi sunansa, ka duba ranar lalacewarsa a jikin kwali, ka kuma riƙe abin da aka ce game da yadda ake sha. A cikinmu akwai waɗanda nan da shekara goma za su zama iyaye, akwai masu zama malamai, wataƙila har da likitoci da ungozoma. Muna so ranar da ɗayanmu ya rungumi ɗansa ya nufi asibiti, ya tarar maganin yana nan yana aiki.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da sani mai amfani, amin. 

Daga ɗaliban aji na ƙarshe